Filin Tambaya da Amsa: Kundin kan sarki na intanet zai faɗa mini darajar abin da na gada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya yi aiki a gidan waya shekaru da yawa, bayan rasuwarsa muka tarar da wani littafi cike da kan sarki, wasu an rubuta Northern Nigeria da hoton sarkin Ingila, wasu na bayan 'yancin kai, akwai kuma tsofaffin ambulan. An ce mini akwai littattafan da ke faɗin kuɗin kowanne amma tsada gare su, wani kuma ya ce yanzu duk sun koma intanet. Don Allah wanne zan nema, kuma kuɗin da suke rubutawa gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya gafarta wa Baba, ya sa aljanna ce makoma. Na ji daɗi ƙwarai da ba ku zubar da littafin nan ba, don gidaje da yawa irin wannan kaya gara ce ke cinye su ko a ba yara su yi wasa.

Manyan kundayen da duniya ta sani guda huɗu ne. Akwai Stanley Gibbons na Landan wanda ya fara fitar da jerin farashi tun 1865, akwai Scott na Amurka tun 1868, sai Yvert et Tellier na Faransa tun 1896, sai Michel na Jamus tun 1910. Kowanne yana ba kowane kan sarki lambarsa, kuma lambobin ba sa haɗuwa, kan sarki ɗaya sai ka ga lambarsa daban a Gibbons daban a Scott, shi ya sa in za ka yi magana da mai saye dole ka faɗi kundin da ka duba. Kai da kayanka na Najeriya ne Gibbons ne naka, don yawancin ƙasashen da Ingila ta mulka da lambarsa ake ciniki, kuma yana da juzu'in da ya tattara su daga 1840 zuwa 1970.

Na takarda kam ban ba ka shawarar saye yanzu ba. Scott kaɗai littafi 12 ne a shekara, in ka haɗa kuɗinsa da kuɗin kawowa daga waje wallahi zai iya fin abin da ke cikin littafin Baba gaba ɗaya. Duka huɗun suna da na intanet, sai dai ka sani yawanci haya ce ba saye ba, kana biyan kuɗin shekara da dala ko fam ko yuro, ranar da kuɗinka ya ƙare an rufe maka ƙofa, ga shi katin naira ba kullum yake wucewa ba. Don haka fara da na kyauta. Colnect da StampWorld duk suna buɗewa a waya, ka zaɓi ƙasa ka zaɓi shekara hotuna su jero. Ni na fi son Colnect saboda a shafin kan sarki ɗaya sau da yawa za ka ga lambar Gibbons da ta Scott da ta Michel da ta Yvert a jere, amma fa masu sha'awa ne suke cika shi da kansu ba ma'aikata ba, kuskure yana shiga.

In ka shiga kada ka tsaya a Nigeria kawai, ka nemi Northern Nigeria a matsayin ƙasa mai zaman kanta, haka kundaye suke jera ta. Ta fara fitar da nata a 1900 da hoton Sarauniya Victoria, a 1902 aka koma Sarki Edward na 7, a 1912 Sarki George na 5, daga nan aka haɗe Arewa da Kudu a 1914 aka fara rubuta Nigeria kawai. Shekara 14 ke nan, ba su da yawa, da yamma ɗaya za ka gama duba su.

To inda aikin yake shi ne nan. Na Sarki Edward an buga su a kan takarda iri biyu, hoto ɗaya launi ɗaya kuɗi ɗaya, bambancin yana cikin takardar. Na farkon suna da tambarin kambi guda ɗaya da haruffan CA a ƙarƙashinsa, na baya kuma tambarin ya maimaitu ya cika takardar, kuma kowanne lambarsa daban farashinsa daban. Hoton da ke kan allon waya ba zai taɓa nuna maka wannan ba, sai ka kife kan sarkin a kan wani abu baƙi a wuri mai haske ka duba bayansa da idonka. Haka haƙoran gefe, ana ƙirga guda nawa ne a cikin santimita 2, kundi zai rubuta maka 14 misali, kai ne za ka auna naka. Launi ma kada ka yarda da waya, wayarka da ta maƙwabcinka ba ja ɗaya suke nunawa ba, ga kuma rana da ta ci launin naka tsawon shekara ɗari.

Batun kuɗi kuma, ka riƙe zuciyarka. Farashin kundi shi ne abin da dillali zai nema a wurinka in kai ne mai saye, kuma na lafiyayye ne, ba yagewa, haƙora cikakku, ba tabon danshi. In kai ne mai sayarwa abin da za a ba ka ƙasa yake da haka sosai. Irin na 1953 masu hoton mahayan Borno na kwabo, da gyaɗa na ahu, da gadar Jebba na taro, kyawawa ne kuma tarihinmu ne amma an buga su da yawan gaske, kuɗinsu kaɗan ne. In kana son sanin gaskiyar kasuwa shiga kasuwannin intanet irin su eBay ko Delcampe ka duba abin da aka riga aka sayar, ba abin da mutum ya rubuta yana fata ba. Wanda ya fita daban a na Arewa shi ne na fam 25 na 1904, kore da ja, kundi yana ba shi dubun-dubatar fam, kuma irinsa ba mai saye sai da takardar shaidar ƙwararru kamar ta Royal Philatelic Society da ke Landan.

Ambulan ɗin nan kuma don Allah kada ka ɓare kan sarki daga jikinsu. Hatimin Zungeru ko Lakwaja ko Zariya da kwanan wata a jiki yakan sa ambulan ta fi kan sarkin daraja nesa ba kusa ba, kuma wannan fannin kundayen gama-gari ba su cika taɓa shi ba, ƙungiyar West Africa Study Circle da mujallarsu Cameo su ne suka ba shi ƙarfi. Ban da salatif, ban da gam, ka nisanta littafin daga bango mai danshi da damina.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni nawa na Nijar ne na fi tarawa, wane kundi ya dace da ni? Kuma ina ganin wasu a intanet an rubuta Niger da hoton 'yan ƙwallo da jiragen sama jannati, ban taɓa ganinsu a gidan waya ba. Daga Damagaram.

AMSA: Lafiya lau ƙanena. Kai Yvert ne naka, da lambarsa 'yan kasuwar Faransa da Beljiyam suke aiki kuma da Faransanci yake, ba za ka sha wahala ba. Ka fara daga 1921 lokacin da aka buga Territoire du Niger a kan kan sarkin Haut-Sénégal et Niger, wani tsohon yankin mulkin Faransa, sai jerin 1926 wanda a cikinsa akwai hoton ganuwar sojan garinku. Waɗancan masu 'yan ƙwallo kuma kashi biyu ne, akwai waɗanda kamfanonin waje suke bugawa da izinin hukuma don masu tarawa kawai, akwai kuma na bogi tsantsa waɗanda ba hukumar da ta san da su. Anan na intanet ya fi na takarda amfani don yana saurin sabuntawa, Colnect ma yakan ware na bogin daban. Hukumar gidajen waya ta duniya UPU tana da rajista mai suna WNS tun 2002 inda ƙasashe suke saka nasu na gaskiya, in ka ga naka a ciki hankalinka ya kwanta, in babu kuma ba lallai na bogi ba ne tunda ba kowace ƙasa ke aika duk nata ba, sai ka ƙara dubawa a Yvert ko Michel. Ni dai ba na son ka zuba sefarka a kansu, wanda ya yi tafiya a jikin wasiƙa daga Zinder zuwa Yamai ya fi su ma'ana a wurina.

TAMBAYA: Malam wani a guruf ɗinmu na WhatsApp yana sayar da kundin Scott na PDF da arha, in saya? Kuma manhajojin da ake ɗaukar hoton kan sarki su faɗi sunansa fa? Daga wata 'yar'uwa a Kano.

AMSA: Hajiya kada ki saya. Kwafin sata ne, haƙƙin masu shi ne, kuma yawanci tsohon bugu ne da aka ɗauka da sikana, hotuna dishi-dishi, wani lokacin ma fayil ɗin da ƙwayar cuta yake zuwa ya lalata miki waya. In tsohon bugu kike so ki nemi na takarda na hannu, lambobi ba su cika canzawa ba, farashi ne yake tsufa. Manhajojin hoto kuma suna taimakawa in kin samu kan sarki mai rubutun da ba ki iya karantawa, na Rasha ko Japan ko Habasha, za su gaya miki ƙasar da kusan shekarar. Farashin da suke nunawa ne ban yarda da shi ba, sukan ɗauko na mafi tsada a cikin masu kama da juna sannan su ce ki biya kuɗin wata ki ga sauran bayani. Ki karɓi sunan ƙasa da shekara a wurinsu, sauran ki je Colnect ki tabbatar.