Wace Waya Ce Za Ta Ɗauki Murhun Lantarki Mai Kai Huɗu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya sayo mini murhun lantarki mai kai huɗu da tanda a ƙasa, kuma a jikin takardarsa an rubuta wat 9,200. Mai shagon kayan wuta ya ce waya mai lamba 4 ta wadatar, mai gyaran wutarmu kuma ya dage sai mai lamba 6, alhali bambancin kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Daga akwatin birekoki zuwa kicin mita 18 ne, kuma ta cikin silin ake son a bi da wayar. Wacce zan saya? Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Mai gyaran wutarku ya fi kusa da gaskiya, kuma ina ganin ko shi ma bai yi la'akari da zafin silin ba. Lambar da ake kira a kasuwa faɗin jan ƙarfen da ke cikin waya ne, kuma gwargwadon faɗinsa ne wayar ke iya ɗaukar wuta ba tare da ta yi zafi ba.

Wutar gidajenmu bolt 230 ce, saboda haka idan aka raba 9,200 da 230 za a samu amfiya 40, wato abin da murhun zai ja idan aka kunna kawunan huɗu da tandar lokaci guda aka ƙure su. Sai dai murhu ba ya dawwama a kan haka, domin kowane kai yana ɗaukewa yana dawowa da zarar ya kai zafin da aka saita masa. Wannan ne ya sa ƙa'idar haɗa wuta ta Ingila, wadda masu aikin wuta a Najeriya suka daɗe suna bi, ta yi sassauci: a ɗauki amfiya 10 na farko cikakku, a ƙara kashi 30 cikin ɗari na abin da ya rage, sannan a ƙara 5 idan makunnin murhun yana da soket a jikinsa. A lissafin naki amfiya 19 ke nan, ko 24 idan makunnin yana da soket, kuma birekar da ta dace ita ce mai amfiya 32.

Abin da mai shago bai gaya miki ba shi ne dole ne ƙarfin waya ya kai na bireka ko ya wuce shi, domin aikin bireka kare waya ne, idan kuwa waya ta fi bireka rauni to ita ce za ta narke kafin birekar ta faɗi. Waya mai lamba 4 da aka zura a cikin bututu tana ɗaukar amfiya 32, mai lamba 6 tana ɗaukar 41, mai lamba 10 kuma 57, amma duk an auna waɗannan alƙaluma ne a zafin digiri 30. A digiri 40, wanda Kano ke kaiwa a watan Afrilu, ƙarfin waya yana raguwa da kashi 13 cikin ɗari, sai mai lamba 4 ta koma ƙasa da 28, wato ta riga ta gaza, mai lamba 6 kuma ta tsaya kusa da 36. Cikin silin kuwa, ƙarƙashin kwanon rufi da tsakar rana, zafi yana wuce na waje nesa ba kusa ba, kuma a digiri 50 mai lamba 6 tana komawa kusan amfiya 29, wato ita ma ta gaza kai 32 na birekar. Ki tuna da girkin Sallah ko na suna, inda manyan tukwane ke kan kawunan huɗu tun safe har azahar, wayar tana ɗauke da wuta mai yawa a daidai lokacin da silin ke zafi.

Shawarata ita ce, idan za a iya sassaƙa bango a binne bututu, ki sayi mai lamba 6 hankalinki kwance. Idan kuwa babu makawa sai ta silin, ki daure ki sayi mai lamba 10, domin sau ɗaya ake wannan sayayya. Nisan mita 18 ba abin damuwa ba ne, wutar da za ta ragu a hanya ba ta kai bolt 5 ba.

Sai ki kula da ingancin wayar kanta, domin akwai wadda ake rubuta mata lamba 6 alhali cikinta bai kai ba, akwai kuma ta alminiyam da aka shafe da ruwan jan ƙarfe. Ki sa mai gyaran wutar ya raka maigida kasuwa, a fere bakin wayar a kankare ta da wuƙa, idan fari ya bayyana a bar ta, sannan a duba sunan kamfani da lamba a jikin robar da kuma tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya. Murhun ya samu layinsa shi kaɗai tun daga akwati, da makunni mai amfiya 45 a gefensa inda hannu zai kai ba tare da an tsallaka tukunya ba, da wayar ƙasa, wato wadda ke kwashe wutar da ta zubo a jikin murhu ta kai ta ƙasa, da aka gwada aka tabbatar tana aiki, domin jikin murhu ƙarfe ne kuma hannun mai girki ba ya rabuwa da ruwa. Idan bireka ta riƙa faɗuwa daga baya, kada ki yarda a sauya ta da babba, a nemo dalilin faɗuwar.

Tambaya: Ina da ƙaramin murhu mai kai biyu, wat 2,500. Zan iya jona shi a soket ɗin ɗakina? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Za ka iya, Malam, domin soket mai amfiya 13 yana ɗaukar kusan wat 3,000, matuƙar na bango ne kuma da waya mai lamba 2.5 aka ja shi. Kada ka jona shi a doguwar wayar ƙari, kada kuma ka haɗa shi da dutsen guga ko hita a kan soket ɗaya. Idan ka taɓa filogin bayan girki ka ji ya yi zafi sosai, ko ka ga bakin soket ɗin ya soma baƙi, ka daina amfani da shi har sai mai gyaran wuta ya sauya shi.