Amsa ga mai son ratsa tuddan Peak District da gudu daga Marsden zuwa Edale

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Na ga tambayarka cewa ka gama gudun yada ƙanin wani na kilomita 42 a kan kwalta cikin awa 4, kuma yanzu kana so ka ratsa tuddan Peak District na Ingila da ke tsakanin garuruwan Marsden da Edale a yini guda, shi ne kake neman sanin yadda ake shiri da kuma ko awa 5 za su ishe ka. Na bi hanyar nan sau da dama tun da na zauna a Manchesta, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne ka ajiye lissafin kwalta gefe, domin a can ƙasa ce da hazo suke yanke maka saurin tafiya, ba ƙarfin ƙafarka ba.

Idan ka bi Pennine Way, dogon tafarkin masu tafiya da ƙafa wanda aka buɗe a 1965, tafiyar ta ɗan haura kilomita 40, kuma tuddai 3 za ka hau: Black Hill mai tsayin mita 582, da Bleaklow mai mita 633, sannan Kinder Scout mai mita 636. Wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai raina su, tunda ba su kai komai ba a ma'aunin duwatsun duniya. To amma samansu shimfiɗaɗɗen fili ne marar bishiya, lulluɓe da baƙar laka ta ruɓaɓɓen ciyayi wadda take riƙe ruwa kamar soso, kuma ruwan sama ya tsattsaga ta kwazazzabai, wasu zurfinsu ya fi tsayin mutum. Masu tafiyar duwatsu suna da wani tsohon ma'auni na Naismith, wato awa 1 ga kowane kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. An yi shi ne domin mai tafiya da ƙafa, amma a tsakiyar Bleaklow bayan ruwan sama, mai gudu ma da ƙyar yake wuce wannan. A karonka na farko ka tsara awa 7 zuwa 8, idan ka riga lokacin kuwa sai ka gode wa Allah.

Farkon hanyar yana da daɗi har ya yaudari mutum. Daga Marsden za ka bi kwarin Wessenden a gefen madatsun ruwa, a kan hanya mai ƙwari, kuma a nan ne mutanen kwalta suke zubar da ƙarfinsu. Hawan Black Hill ma yanzu da sauƙi, saboda an shimfiɗa manyan faifan duwatsu a kan lakar, sai dai suna santsi sosai idan sanyin dare ya daskare su. Daga can ka gangara ta bakin Laddow Rocks, inda hanyar take da ƙunci a gefen gangare mai zurfi, har ka isa Crowden a kan titin A628.

Abin da ya fi muhimmanci a duk shirin shi ne wuraren fita. Tsakanin Marsden da Edale, manyan wuraren da mota za ta iya ɗaukarka bayan ka wuce Black Hill su ne Crowden da kuma ƙolin Snake Pass a titin A57, kuma a wannan na biyun babu shago, babu rumfa, babu ko inuwar da za ka fake. Saboda haka tun kana gida ka rubuta a takarda ƙarfe nawa ya kamata ka kasance a kowannensu, da lokacin da idan ya wuce ba ka isa ba za ka haƙura. Ka yanke wannan hukunci kana zaune da kofin shayi, domin mutumin da ya gaji kuma sanyi ya shige shi ba ya yi wa kansa adalci, kullum gani yake saura kaɗan.

A Bleaklow na koyi wannan. Wata ranar Nuwamba na hau ta kwarin Torside Clough sama garau, ina isa tarin duwatsun da ke ƙolin sai hazo ya sauko, har ba na iya ganin abin da ya wuce taku 20. Na dogara da taswirar wayata, sanyi kuwa ya riga ya zuƙe batirin, ina dubawa ta mutu a hannuna. Na shiga wani kwazazzabo da nake zaton shi ne hanya, bangonsa baƙi wuluk ta kowane gefe, ruwan da ke gudu a ƙasansa ja kamar shayi ba madara, sai ƙafata ta dama ta nutse har cinya, kuma da na zaro ta takalmin ya zauna a ciki, sai da na zura hannu har kafaɗa na lalubo shi. Kusan awa guda na yi ina kewaya wuri ɗaya kafin na tuna akwai kamfas, wato na'urar nuna arewa, a ƙasan jakata. Da na saita shi a kan taswirar takarda, sai na gane yamma nake nufa alhali na rantse kudu nake yi. Ranar a Snake Pass na tsaya, hannuwana sun ƙi buɗe zik ɗin jaka.

Tun daga nan nake ba kowa shawarar ya raba hanyar gida 3, ya bi kowane kashi a ranar da sama take a buɗe kafin ya haɗa su. Ka sayi taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya, mai lamba OL1, ka duba ko kana buƙatar ta arewa da ita domin ɓangaren Marsden, ka koyi ɗaukar saiti da kamfas tun kafin ka buƙace shi. Idan kana leƙen Bleaklow, ka ɗan ratse zuwa Higher Shelf Stones ka ga tarkacen jirgin saman sojan Amurka da ya faɗi cikin gajimare a 1948, mutum 13 da ke ciki suka rasu. Ƙarafan suna nan warwatse har yau.

Maganar kaya ba ta da tsawo. Masu shirya tseren tuddai a Ingila kan wajabta rigar ruwa da wandon ruwa masu liƙaƙƙen ɗinki, da hula, da safar hannu, da taswira, da kamfas, da usur, da abincin gaggawa, kuma ban ga dalilin da mai fita shi kaɗai zai ɗauki ƙasa da haka ba. Ni nakan ƙara tocilar goshi da buhun ledar nan na tsira da ake shiga ciki. Takalmi kuwa sai mai dogayen haƙora a tafinsa, kada ka ɓata kuɗi wajen neman wanda ruwa ba ya shiga, tunda ta sama zai shiga. Guzurina dabino ne da gyaɗa mai gishiri, ina ci kowane minti 30 ko ban ji yunwa ba. Ruwan rafukan can ba na sha sai na tace, saboda tumaki suna kiwo ko'ina.

Ka fara gwadawa a watan Mayu ko Yuni, lokacin da rana take kaiwa bayan ƙarfe 9 na dare. A Disamba kafin ƙarfe 4 ta faɗi, kuma azahar da la'asar suna matse juna, don haka nakan fita da alwala in yi sallah a kan dutse a Crowden, inda iska ba ta kai ta sama ba. Ka duba hasashen yanayi na duwatsu, ba na gari ba, musamman ƙarfin iska, domin daga kudu maso yamma ta fi kaɗowa, wato a fuska za ta same ka. A Kinder Downfall, inda rafi ke zubowa daga bakin dutsen Kinder Scout, har ruwan iskar take mayarwa sama.

Ka bar wa mutum ɗaya a gida hanyarka da lokacin da zai nemi taimako idan bai ji daga gare ka ba. Idan abu ya faru, a kira 999, a nemi 'yan sanda, sannan a ce masu ceton duwatsu ake so. Da usur kuwa busa 6 ake yi, a dakata minti 1, a maimaita. Garuruwan biyu duk suna da tashar jirgin ƙasa, Edale tana kan layin Manchesta zuwa Sheffield, sai ka duba lokacin jirgin ƙarshe tun kafin ka bar gida. Gangaren Jacob's Ladder da ke jiranka a ƙarshe matakala ce ta duwatsu, kuma bayan kilomita 35 gwiwoyinka ba za su yarda ka sauke ta da gudu ba, saboda haka ka ware mata minti 15 na daban a lissafinka.