Amsar tambayarka kan ziyarar Kaulaha

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka tun jiya, ka ce abokanka na shirin tafiya Kaulaha ta ƙasar Sanagal maulidi kuma wai an ce maka ana ɗebo ruwan kogin garin a jarka don tabarruki kamar zamzam, shin haka al'adar take? Toh a'a. Kogin Salum sunansa, ruwansa gishiri ne zalla saboda teku na shigowa cikinsa, gishiri ma ake haƙa a bakinsa, da can kuma ta nan jirage ke lodin gyaɗar Sanagal. Duk zuwan da na yi ban ga dattijo ko ɗaya ya ɗebo shi ba.

Abinda ke kai mu shine Madina Baye, unguwar da Shehu Ibrahim Inyass ya kafa wajen 1930, su Wolof Baye suke ce masa wato baba. A 1900 aka haife shi, ya rasu a Landan 1975 aka dawo da shi aka binne a gefen babban masallacin. Mu kuma alaƙarmu da gidan ta ƙullu ne tun da ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajji 1937, daga nan malaman Kano suka riƙa zuwa neman tarbiyar ɗariƙar Tijjaniyya, shi ma Shehun ya riƙa zuwa Kano, shi yasa yau in ka shiga Madina Baye za ka ji Hausa na tashi ko'ina kamar kana unguwar Koki a Kano.

In ka je, alwala tukuna, ka yi nafila a masallaci sannan ka je makwancin Shehu ka yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, ka karanta abinda ya sawwaƙa ka yi masa addu'a, buƙatarka kuma Allah za ka roƙa. Don Allah banda turereniya da ɗaga waya ana bidiyo a gaban kabari, wallahi abin na min ciwo sosai. Kada wazifa da zikirin Juma'a su wuce ka. Kuma kar kowa ya ce maka wannan tafiya ta maye hajji, ziyara ce kawai.

Masu masauki za su ajiye muku faranti ɗaya na shinkafa da kifi, ka ci ta gabanka, ranar tafiya ka ɗan ba yaran gidan wani abu. Ka fara neman izinin mahaifiyarka kafin ka biya kuɗin mota, ka kira ni in ta amince.