Wane antibirus za a saka wa kwamfutar Hajiya?

Toh yarona na ga saƙonka, ina cikin mota hanyar Marwa ne shi yasa ban amsa da wuri ba. Ka ce Hajiyar nan ta unguwar Rumde Ajiya ta kawo kwamfutar yaranta tana so a saka mata antibirus mai ƙarfi, kai kuma kana shawarar ka haɗa mata guda biyu don ta ji daɗi. Kar ka soma wallahi. Guda biyu masu gadi lokaci ɗaya kamar zakaru biyu ne a akurki ɗaya, kowanne yana ganin ɗan'uwansa a matsayin ɓarawo, injin ya yi nauyi, fanka ta dinga kuka ga zafin Garwa, bayan kwana kaɗan ta dawo ta ce mun lalata mata kaya.

Fara duba wane Windows ne a ciki. In 11 ne ai da mai gadinsa ya zo, Defender, kyauta ne kuma ba ya cin RAM sosai, ka buɗe shi ka ga ko duk alamomin kore ne, ka jona intanet ɗin shago ya sabunta kansa. Ga mutumin gida da aikinsa bai wuce Word da YouTube da karatun yara ba wannan ya ishe shi. Masu gwajin irin waɗannan manhajoji kamar AV-TEST na Jamus sukan ba shi maki mai kyau, ba wai ra'ayina ba ne kawai. In 10 ne ka gaya mata gaskiya Microsoft sun rufe tallafinsa na kullum tun 14 ga Oktoba 2025, in kuwa 7 ne tun Janairun 2020 aka bar shi, wannan ko me ka ɗora masa ƙofa a buɗe take.

Abin da na fi so ka gane, yawancin cutar da ke zuwa shagonmu ba daga intanet take shiga ba, kile ne, wato filas ɗin USB. Yaro ya kai kile sakatariya a buga masa takarda, ya dawo gida ya soka, sai ka ga duk fayilolinsa sun koma ƴan gajerun hanyoyi masu ƙaramar kibiya a gindi, yana kuka wai aikinsa ya ɓata alhali suna nan ɓoye su kawai aka yi. Kar ka danna ko ɗaya daga cikinsu, danna su ɗin ne ke tada cutar. Ka sa Defender ya bincike kilen tukuna, sannan ka buga umarnin attrib ɗin nan da na nuna maka, mai fito da ɓoyayyun fayiloli, su fito. Smadav, ƙaramin antibirus ɗin nan da samari ke so, yana ɗan taimakawa wajen kile, amma ɗan rakiya ne, kar ka bar shi shi kaɗai.

Cututtukan leƙen asiri kuma, masu cika burawza da talla suna canza shafin farko, Malwarebytes na kyauta ya isa, ka kunna shi ya share in ya gama ka rufe, ba zama zai yi yana gadi ba.

Sai maganar kirak. Duk antibirus ɗin da aka fasa aka ce lasisinsa har abada, ban yarda ka saka wa kowa da sunan shagona ba, ko da mutum ya roƙe ka, sau da yawa cutar a cikin fasasshen take kuma ba ya karɓar sabuntawa. Na kyautan ma ka buɗe ido, Avast hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci su tarar dala miliyan 16.5 a 2024 kan sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga.

In Hajiya ta nace sai na kuɗi, babu laifi, a sayi Bitdefender ko ESET ko Kaspersky na asali, amma ka faɗa mata na shekara ne, in ya ƙare sai an sake biya, in ba haka ba ya zauna yana nuna jar alama kawai. Ka duba kuma ko akwai tsohon antibirus ɗin McAfee na gwaji da ya mutu a ciki, ka cire shi kafin komai. Yaran ka buɗe musu nasu asusun da ba ya iya saka manhaja, kalmar sirri ta babban asusu ka ba Hajiya a hannunta. Kuɗin aiki kar ka yanke sai na dawo jibi insha Allah.