Ya riƙe mini kuɗin aikina don ba ni da lasisi: ko zan iya kai shi ƙara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni mai aikin wutar lantarki ne. Wani babban ɗan kwangila da aka ba ginin bene ya yanka mini ɓangaren wayarin. Doka ta ce sai mai lasisi ne zai karɓi irin wannan aiki, ni kuwa ba ni da shi, sai na sa lambar wani abokina a takardu, kuma da sanin ɗan kwangilar. Na gama, ya biya ni rabi, yanzu ya ce ragowar babu, tunda ba ni da lasisi in je duk inda zan je. Na kuma san ya rage rodi a dakin ɗin hawa na biyu, wato rufin kankare. Shin kuɗin nan halal ne gare ni? Idan na kai ƙorafi hukumar lasisi na tona asirin Musulmi? Ko in ce masa ya biya ni, in ba haka ba in fallasa maganar rodin?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, zan fara da kai kafin in zo kan abokin rigimarka.

Sa lambar wani a takarda ƙarya ce da ha'inci, kai da mai lambar da ɗan kwangilar duk kun yi tarayya a ciki. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda yake nuna ya mallaki abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufafin zur biyu ne, Bukhari da Muslim suka ruwaito. Sanin ɗan kwangilar bai wanke ka ba, domin wanda aka yaudara shi ne mai gini, da hukuma, da mutanen da za su kwana a gidan. Kuma lasisi a sana'ar da kuskure a cikinta ke jawo gobara yana cikin abin da shugabanni ke da ikon wajabtawa don tsare rayuka, biyayya a nan ta shiga ƙarƙashin aya ta 59 a Suratun Nisa'i. Hadisin Abu Dawud da Nasa'i ya ce wanda ya yi aikin likitanci alhali ba a san shi da shi ba, shi zai ɗauki lamuni. Malamai suna kiyasta sauran sana'o'i masu haɗari a kansa. Ko da ka ƙware, mutane ba su da hanyar sanin ƙwarewarka sai wannan takarda.

Amma laifinka bai mayar da guminka ganima ba. Babu laifi a asali babban ɗan kwangila ya yanka wa wani aiki. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na 14 a Doha cikin 2003, ta yanke cewa hakan ya halatta matuƙar mai gini bai shardanta ya yi da kansa ba, kuma alhakin aikin ƙananan 'yan kwangila na nan a wuyan babban a gaban mai gini. To shi ya ɗauke ka, ya san halinka, ya karɓi aikin, ya amfana da shi. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida: ku cika alƙawura. A hadisin ƙudusi na Bukhari, cikin mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya karɓi cikakken aiki, bai ba shi ladansa ba. Ko da wani malami ya ɗauki yarjejeniyarku a matsayin ɓatacciya, ƙa'idar ijara (ɗaukar mutum aiki da lada) ɓatacciya ita ce idan an riga an yi aikin a biya ladan da aka saba biyan irinsa. Ta kowace fuska dai guminka bai tashi a tutar babu ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai a labarin nan shi ne yadda ya ɗauke ka don rashin lasisinka bai dame shi ba, sannan ranar biya ya tuna da doka. Gaskiya ne akwai wuraren da kotu ba ta sauraron marar lasisi idan ya zo neman kuɗin aikinsa. Wannan horo ne da hukuma ta ɗora, ba ya halatta wa ɗan kwangila cin haƙƙin mutum tsakaninsa da Allah.

Yana da damar cire abu ɗaya: ainihin kuɗin gyara idan an sami aibi a aikinka, bisa ƙiyasin masana, ba bisa son ransa ba. Malikiyya sun yi fice wajen ɗora wa masu sana'a lamunin abin da ya lalace a hannunsu. Kai kuma ba ka da damar ƙara masa ko sisi don ya jinkirta, saboda ragowar ta zama bashi, ƙari a kan bashi kuwa riba ce.

Kai ƙorafi ga hukuma ba giba ba ne. Allah ya ce ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta (Nisa'i, 148). Hindu bint Utba ta kai kukan mijinta Abu Sufyan gaban Manzon Allah (SAW), ta ce mutum ne marowaci, bai hana ta ba. Ya kuma ce taurin bashin mai hali yana halatta mutuncinsa da hukunta shi. Sai dai ka kai wurin wanda zai iya karɓo maka, ba shafukan sada zumunta ba, ka faɗi abin da ya faru babu ƙari, har da naka laifin idan an tambaye ka. Hujja tana kanka a matsayin mai da'awa, don haka tattara yarjejeniya da rasidai da saƙonni da shaidu. Ka sani galibin hukumomin lasisi aikinsu ladabtarwa ne, gargaɗi ko tara ko dakatarwa ko soke lasisi, karɓo kuɗi kuwa ya fi zama na kotu ko masu sulhu. Ka fara da sulhu idan zai yiwu.

Sai maganar rodi, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau. Ce masa "biya ni ko in kai ka ƙara kan kuɗina" ya halatta. Ce masa "biya ni in yi shiru kan rodin" haramun ne, domin shirun da kake son sayarwa ba naka ba ne, na waɗanda dakin ɗin zai iya ruftowa a kansu ne. Idan ya biya ka ka yi gum, ka zama abokin ha'incinsa, kuma hadisin Muslim ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Suturta asirin Musulmi da aka kwaɗaitar yana kan zunubin da ya wuce kuma bai taɓa haƙƙin kowa ba. Wannan cuta ce da ke tafe. Idan da idonka ka gani, wajibi ne ka sanar da mai gini ko injiniyan da ke duba aikin, in sun yi biris ka sanar da hukuma, ko an biya ka ko ba a biya ka ba. Idan kuwa ji ka yi, ka ce ji ka yi, ka nemi a auna, kada haushi ya sa ka mayar da zato yaƙini. Suratul Ma'ida aya ta 8 ta hana ƙiyayya ta kai mutum ga barin adalci.

Ma'aunin nan ya hau kanka ma. Ka tuba, ka cire lambar abokinka daga duk wata takarda, ka sanar da mai gini gaskiya, ka kawo mai lasisi ya duba wayarin ɗin ya sa hannu, kuɗin dubawar ku raba da ɗan kwangilar tunda tare kuka ƙulla. Idan hukuma ta ci ka tara, ka biya. Kada ka sake karɓar irin wannan aiki sai ka sami lasisinka, ko kuma ka yi shi a ƙarƙashin mai lasisi da yake zuwa wurin yana dubawa da gaske, idan dokar wurin ta yarda da haka.

Wallahu a'alam.