Iskar taya ga mai ɗaukar kaya daga gona: nawa zan zuba?

Tun da aka fara yankan riɗi tambayar nan take ta zuwa min, to bari in amsa guda uku a haɗe.

Wani ɗan'uwa daga Gadarif a Sudan ya ce: "Malam, boksi gare ni Hilux, ina loda buhunan dawa daga gona zuwa kasuwa, mai faci kullum 50 yake zuba min gaba da baya, daidai ne?"

Ɗan'uwa, mai faci ya duba jikin taya ne ya ga lamba ya zuba, kuma lambar nan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka take so ba. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, akwai 'yar takarda manne da ta nuna awon gaba da na baya, da kaya da babu kaya, daga nan ake farawa. In ka yi lodi baya ake ƙara wa, gaba ba ruwanta sosai. Sannan ka auna da sassafe kafin ka motsa, don in ka yi tafiya a ranar nan tamu awon kan hau da ratal 4 zuwa 6 (ratal shi ne psi, awon iskar taya), kada ka ce ya yi yawa ka sace, in ta huce sai ka tarar ta yi ƙasa.

Amma gaskiya abin da ya fi damuna lodin ne. Buhun dawa kusan kilo 90 ne, Hilux kuma wajen tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka har da kai da yaron mota, ka ga buhu 9 ko 10 ke nan. Mu kuma sai mu jibga 20 mu ce Allah ya kiyaye. Babu iskar da za ta gyara wannan.

Na biyu daga wajen Mai Wurno, ya ce hanyar gonarsu akwai rairayi kusa da kogi, motar tana kafewa in da kaya, an ce ya rage iska amma yana tsoro.

Ka rage, Alhaji, amma da awo ba da ido ba. In an rage iska tafin tayar yana ƙara tsawo a ƙasa ne sai ta riƙa hawa kan rairayin maimakon ta tona. Mota babu kaya 16 zuwa 18 ya yi, da kaya kuwa ka bar gaba wajen 20, baya 24 ko 25, in ta ƙi sai ka ƙara ragewa kaɗan kaɗan. Ƙasa da 15 da lodi kana neman taya ta zame daga kan rim, in mai tub ce kuma bakin tub ɗin ya tsinke. Kada ka wuce gudun kilomita 30 zuwa 40 a awa, kada ka murɗa sitiyari da ƙarfi.

Inda mutane suke cin kansu shi ne bayan an fita. Ni kaina na taɓa yi, na fito daga rairayi da buhunan gyaɗa na hau kwalta na ce ai banshar, wato wajen mai faci, ba nisa, ban yi rabin awa ba na ji warin roba, na sauka na taɓa gefen tayar baya hannu bai iya zama ba, kafin in yi wani abu ta riga ta kumbura kamar ƙurji. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa duk juyi, zafi ya taru a ciki, wayoyinta su saki. Don haka ka sayi ma'auni da ɗan famfon nan da ake jonawa a batir, kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ba, ka mayar da iskarka kafin ka taka kwalta.

Na uku ya tambayi laka da hanyar duwatsu. A tsakuwa da gargada ka rage kamar 4 zuwa 6 daga awon kwalta, ka riƙe gudunka ƙasa da 60, tayar da ta yi tauri sosai dutse mai kaifi ya fi saurin huda ta, kuma ga jijjiga mai kwance kusoshi. Amma kar ka rage da yawa, gefen taya ne zai ɓullo dutse ya yanke shi, shi kuma faci ba ya kama shi.

Baƙar lakar Gadarif da Damazin lokacin kharif, wato damina, kuwa, hmm. Kana iya saukowa 22 zuwa 25 ya ɗan taimaka, amma ita wannan ƙasa cike zanen taya take yi har ta koma sumul, ka yi ta juyi wuri ɗaya kana ƙona kuloci. In an yi ruwa da dare ka haƙura rana ta buga ta zuwa azahar, ko ka raba kayan sahu biyu, ko ka nemi mai tarakta tun kafin ka shiga.