Ɗiyata ta fi ƙarfin ajinsu: in nemi a tsallakar da ita gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗiya 'yar shekara 8, tana aji uku na firamare a wata makarantar kuɗi. Tun shigarta ita ke zuwa ta ɗaya. Littafin lissafin yayanta na aji huɗu take ɗauka tana yi, wani lokaci ma ita ke nuna masa. A 'yan watannin nan ta fara ƙin makaranta. Da safe sai ta ce cikinta na ciwo, malamarsu kuma ta ce ta cika surutu a aji. Na roƙi hedimasta ya kai ta aji na gaba, ya ce su ba sa tsallakar da aji, kuma yin hakan zai cutar da ita. Babanta ya ce in bar maganar. Da gaske ne tsallake aji yana cutar da yaro? In ba haka ba ne, yaya zan shawo kan makarantar? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki ita, ya ƙara mata basira.

Kafin maganar aji, ki kai ta asibiti a duba cikin nan, sannan ki zaunar da ita ki bincika cikin lallashi ko akwai mai dukanta ko tsokanarta a makaranta. In duk babu, to abin da kika bayyana ya yi kama da halin yaron da karatun ajinsu ya yi masa kaɗan. Malama ta ba da lissafi goma, ita ta gama kafin a gama goge allo, sauran rabin awa kuma an ce ta naɗe hannu ta yi shiru. 'Yar shekara 8 ba za ta iya ba. Dole ta juya ta ja maƙwabciyarta da hira, daga nan a sa mata sunan mai surutu. Wannan yana damuna ƙwarai, domin yaron da ya shekara biyar ko shida bai taɓa haɗuwa da abin da ya ba shi wuya ba, ba ya koyon zama ya yi naci. Ranar da karatu ya yi tsauri a babbar sakandare, sai ka ga ya rikice, har ya ɗauka ƙwaƙwalwar ce ta tafi.

Maganar hedimasta cewa tsallake aji yana cutarwa ba ta yi daidai da abin da bincike ya nuna ba. A 1971 wani masanin halayyar ɗan'adam, Julian Stanley, ya fara wani nazari a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, inda aka riƙa bibiyar yara masu kaifin basira sama da 5,000 tun suna ƙanana har suka manyanta. Da aka gwama waɗanda aka tsallakar da takwarorinsu masu irin basirarsu da aka bari a ajin shekarunsu, an ga na farkon sun fi kaiwa ga digirin digirgir. Da aka waiwaye su suna wajen shekara 50, ba a sami alamar cewa gaggawar ta taɓa musu kwanciyar hankali ko jin daɗin rayuwa ba. Sai dai ki lura da abu guda: yaran nan gwada su aka yi, da jarrabawar da aka tsara wa waɗanda suka girme su da shekaru. Ba da sakamakon ajinsu aka yi hukunci ba.

A nan ne hedimasta yake da tasa gaskiyar. Ya sha ganin iyayen da ke matsa lamba a ɗaga yaro don gasa da 'ya'yan maƙwabta, ko don a rage kuɗin makarantar shekara guda. Ya kuma san abin da ya zama ruwan dare a makarantun kuɗi, inda ake kwashe yara daga aji biyar, wani lokaci ma aji huɗu, a kai su ƙaramar sakandare ba tare da an duba kowa ba. Da yawansu a can suke jigata. Zuwa ta ɗaya a aji uku yana nuna ta fi 'yan ajinta ne kawai, kuma yaro mai ƙarfin hadda da malamin darasi a gida yana iya yin hakan. Bai nuna ko za ta iya ɗaukar karatun aji biyar ba.

Saboda haka kada ki koma masa da roƙon a tsallakar da ita. Ki koma da roƙon a gwada ta. Tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu: a makarantar allo ba a riƙe yaro a sura ɗaya don sa'anninsa ba su iya ba, amma kuma ba ya wanke allonsa sai malam ya saurare shi ya tabbatar karatun ya zauna.

Ki fara da malamar ajinsu, kada ki haura ta. Ita ke tare da yarinyar kullum, kuma in ta ji an kai ƙararta sama, kin rasa babbar mai ba ki shaida. Ki tambaye ta: minti nawa yarinyar ke ɗauka kafin ta gama aiki? Me take yi bayan ta gama? Sannan ki tara hujja a hannu: littattafan aikinta, lissafin aji huɗu da ta yi da kanta ba tare da an kama mata ba, da wani labari ko wasiƙa da ta rubuta. Daga nan ki rubuta takarda gajeriya zuwa ga hedimasta kina neman zama. Ki yi ƙoƙari babanta ya je, ko da bai gamsu ba tukuna. Gara ya ji bayanin da kunnensa, kuma abin da kuke nema ɗin gwaji ne, wanda ba ya ɗaure kowa.

A zaman, ki nemi a ba ta jarrabawar ƙarshen shekara ta aji huɗu, wato ajin da za ta tsallake, a lissafi da Turanci da kimiyya, a makaranta, a gaban malamin da ba nata ba. A ra'ayina cin jarrabawar da ƙyar bai wadatar ba. Ya kamata makinta ya shiga sahun na gaba-gaba a cikin 'yan aji huɗun kansu, don kada a ɗauke ta daga kan gaba a kai ta can baya. A kuma duba takardar da kyau a ga inda ta faɗi. In lissafin rabi da sulusi da rubu'i ne ya kayar da ita don ba a taɓa koya mata ba, wannan giɓi ne da ake cikewa a hutu guda. In kuwa ta karanta labari ta kasa faɗin abin da ya sa abu kaza ya faru, to hadda ce ke ɗauke da ita, kuma zama a ajinta ya fi mata.

Akwai abin da jarrabawa ba ta nunawa. A aji biyar malami yakan cika allo da rubutu, ya goge, ya sake cikawa. Yarinya mai ƙaramin hannu tana iya fahimtar komai amma ta kasa kwafa da sauri, ta dawo gida da rabin darasi da yatsu masu ciwo. Ki duba kuma da su wa take wasa: in dama ta fi sakewa da waɗanda suka girme ta, alama ce mai kyau. Sannan a tambaye ta ita kanta. In ta ce ba ta so ta rabu da ƙawayenta, a dakata.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki: yayanta. In aka ɗaga ta a ƙarshen shekarar nan, aji biyar za su shiga tare. Wani ma'aunin tantance masu tsallake aji da aka tsara a Jami'ar Iowa ya sa wannan cikin manyan dalilan da ke sa a ja birki, wato a ce akwai ɗan'uwa a ajin da za a kai yaron. A gidajenmu kuwa abin ya fi nauyi. Yaro namiji, ƙanwarsa ta zo ajinsu tana kayar da shi, abokai na yi masa dariya, baƙi a gida suna cewa “kai ba ka jin kunya?” Wannan yana iya kashe masa zuciya da karatu, ya kuma ɓata tsakaninsu har girma. Wataƙila ma abin da babansu ya hango ke nan bai faɗa ba. In makarantar tana da aji biyar kashi biyu, a raba su, kuma a daina gwama sakamakonsu a gida tun yau. In aji ɗaya ne tak, ni ban ba da shawarar tsallakewar a bana ba.

Ba shi ke nan an rufe ƙofa ba. Ana iya barin ta a ajinta, amma lokacin lissafi ta riƙa zuwa aji na gaba, in jadawalin ya ba da dama. Ana iya gwada ta a farkon kowane babi, abin da ta riga ta iya a ɗauke mata, a ba ta aiki mai zurfi a madadinsa. Ki kula, aiki mai zurfi na ce. Ƙara mata lissafi ashirin irin goman da ta gama tamkar hukunci ne, haka kuma mayar da ita mataimakiyar malama mai koya wa na baya kullum. Hedimastan da ya ƙi tsallakewa sau da yawa yakan amince da irin wannan, domin bai taɓa masa tsari ba.

In kuma gwaji ya yi kyau, an warware batun yayanta, to a yi shi a farkon shekarar karatu, bisa sharaɗin gwaji na kamar mako shida. A rubuta yarjejeniyar, a kuma gaya wa yarinyar tun farko cewa in bai yi ba za ta koma ajinta ba tare da wani laifi ba.

Ki yi lissafin shekaru ma. A tsarin shekara shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare, uku na babba, mai shekara 8 a aji uku za ta gama tana 17 ko 18, gwargwadon watan haihuwarta. Tsallake ɗaya ya mayar da ita 16 ko 17. In makarantar tana cikin masu yanke aji shida, ta koma 15 ko 16, kuma 16 ne iyaka: bayan cece-kucen da aka yi a 2024 kan batun shekara 18, gwamnatin tarayya ta tsaya a kan 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. A 2025 hukumar JAMB ta buɗe ƙofa ga 'yan ƙasa da haka, amma sai wanda ya ci aƙalla maki 320 cikin 400 a jarrabawarta, sannan ya wuce ƙarin tantancewa. Don haka ki tambayi hedimasta tun yanzu ko suna yin aji shida. In ba sa yi, tsallake ɗaya na nan yana jiran ta ko ba ki nema ba.

Idan ta kusa gama firamare, ki sa ido kan jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa ta shiga makarantar gwamnatin tarayya ta yara masu baiwa da ke Suleja a jihar Neja. Jigawa ma tana da irinta a Bamaina. Ta Suleja makarantar kwana ce, don haka shekarunta da iya kula da kanta za su shigo cikin shawarar da ke da babanta za ku yanke a lokacin.